Gardamata da Kawu kan ficewar Amurka daga Afganistan

A ranar 16 ga Agustan 2021 ne bidiyon nan ya karaɗe wayoyin jama'a, wanda aka ga ƙaton jirgin dakon kaya na sojojin Amurka yana gudu a filin jirgin saman Kabul, kwana ɗaya bayan Taliban ta ƙwace birnin, ɗaruruwan mutane suna bin sa a guje, wasu kuma sun maƙale a jikinsa. Ina zaune a zauren kawuna bayan sallar la'asar lokacin da ƙanena ya miƙo mana wayar. Kawu tsohon soja ne da ya yi aiki da rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG a Laberiya, kuma ba mutum ba ne mai yawan magana a kan yaƙi. Ya kalli bidiyon sau biyu, ya kife wayar a kan tabarma, sannan ya ce duk sojan da ya tafi ya bar mutanen da suka dogara da shi a cikin wannan hali ya ci amana, ko da kuwa umarni aka ba shi. Ni kuwa na ce, “Kawu, ai tun shekara goma da suka wuce ya kamata su tafi.” Ya dube ni ya ce, “Kai yaro, ba ka taɓa ganin garin da sojoji suka janye daga cikinsa da dare ba.”

Gaskiyarsa, ban taɓa gani ba. Amma tun daga ranar nake bin diddigin muhawarar da Amurkawa suka shafe shekara ashirin suna yi a tsakaninsu, tsakanin masu cewa a ci gaba da yaƙin da masu cewa a tattara a koma gida, kuma abin da na karanta bai sauya mini ra'ayi ba, sai dai ya rage mini ɗaga murya.

Da farko ma babu wata muhawara. Kwana uku bayan harin 11 ga Satumban 2001, wanda ya hallaka kusan mutum 3,000, majalisar dokokin Amurka ta ba Shugaba George W. Bush izinin amfani da ƙarfin soja, kuma a majalisar wakilai ƙuri'a 420 ce ta goyi baya, mace ɗaya tilo, Barbara Lee, ita ce ta ƙi. An fara ruwan bama-bamai a kan Afganistan, wadda ke hannun Taliban, ranar 7 ga Oktoba, kafin tsakiyar Nuwamba Kabul ta faɗi. A nan ne, a ganina, aka yi asarar dama mafi girma, domin a farkon Disamba, lokacin da Kandahar ke gab da faɗuwa, an yi maganar sulhu tsakanin Hamid Karzai, wanda aka zaɓa ya jagoranci gwamnatin riƙon ƙwarya, da jagororin Taliban, amma sakataren tsaro Donald Rumsfeld ya fito fili ya yi watsi da duk wani shiri da zai bar shugaban Taliban Mullah Omar ya zauna cikin mutunci. A taron birnin Bonn na Jamus da ya kafa sabuwar gwamnati ma ba a gayyaci Taliban ba, abin da Lakhdar Brahimi, wanda ya jagoranci taron a madadin Majalisar Ɗinkin Duniya, ya amince daga baya cewa kuskure ne. Lokacin da Taliban ke neman mafaka ba a saurare ta ba, sai bayan shekara goma sha takwas aka je Doha ana lallashinta.

Daga nan yaƙin ya riƙa sauya suna da manufa. An shiga ne don murƙushe al-Ƙa'ida, sai aka koma gina ƙasa, da shirya zaɓe, da yaƙi da noman furen da ake haɗa ƙwayar heroin da shi, alhali tun Maris ɗin 2003 hankalin Washington ya karkata zuwa Iraƙi. A Disambar 2009 Barack Obama ya sanar da ƙarin dakaru 30,000, kuma a cikin jawabi guda ya faɗi cewa za a fara janye su a Yulin 2011, wato ya gaya wa abokin gaba tsawon lokacin da zai jira. Mataimakinsa Joe Biden na cikin waɗanda suka yi adawa da wannan ƙari. Adadin sojojin Amurka ya kai kimanin 100,000, aka kashe Usama bin Laden a Abbottabad da ke Pakistan ranar 2 ga Mayun 2011, kuma wannan ita ce ranar da nake nufi da na ce wa Kawu shekara goma. Dalilin zuwa ya ƙare, amma aka zauna.

Ba zan raina hujjar masu cewa a zauna ba, domin tana da nauyi, kuma ita ce hujjar Kawu ko da bai faɗe ta da alƙaluma ba. A farkon 2021 sojojin Amurka 2,500 kacal suka rage a ƙasar, kuma tun Fabrairun 2020 ba a kashe ko ɗaya daga cikinsu a fagen fama ba. Janar Mark Milley da Janar Frank McKenzie sun shaida wa majalisar dattawa a Satumban 2021 cewa ra'ayinsu shi ne a bar wannan adadi. Masu wannan ra'ayi kan ce Amurka tana da dakaru kimanin 28,500 a Koriya ta Kudu fiye da shekara sittin bayan tsagaita wuta, babu wanda ke kiran hakan yaƙi marar ƙarshe, to me zai hana ta ajiye ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi don kare Kabul, da miliyoyin 'yan matan da suka shiga makaranta, da tafintocin da suka sa rayuwarsu cikin haɗari? Abin da ya biyo baya ya ƙara musu ƙarfi, tun da a Maris ɗin 2022 Taliban ta hana 'yan mata komawa sakandare, a Disambar shekarar ta rufe musu ƙofar jami'a, kuma a ƙarshen Yulin 2022 a tsakiyar Kabul aka samu shugaban al-Ƙa'ida Ayman al-Zawahiri aka kashe.

Inda hujjar take yoyo shi ne wannan shirun da ake taƙama da shi. Ba ƙarfin sojoji 2,500 ne ya kawo shi ba, yarjejeniyar Doha ce ta 29 ga Fabrairun 2020, wadda Zalmay Khalilzad ya sa wa hannu a madadin gwamnatin Donald Trump, Mullah Abdul Ghani Baradar kuma a madadin Taliban, ba tare da gwamnatin Kabul ba. Amurka ta yi alkawarin ficewa nan da 1 ga Mayun 2021, aka kuma tilasta wa Shugaba Ashraf Ghani sakin fursunonin Taliban 5,000. Taliban ta daina harbin Amurkawa ne saboda suna kan hanyar fita, kuma da Biden, wanda ya gaji Trump, ya yaga takardar da harbin ya dawo, da kuma janar-janar sun dawo neman ƙarin dakaru kamar yadda suka saba. Misalin Koriya ma bai zauna ba, domin a can iyaka ake gadi, babu masu tayar da ƙayar baya da ke dasa nakiya a kan hanya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato da lissafin wa ake cewa yaƙin ya yi arha. Amurka ta rasa sojoji sama da 2,400 a shekara ashirin. Masu bincike a Jami'ar Brown sun ƙiyasta cewa sojoji da 'yan sandan Afganistan sama da 66,000 ne suka mutu, da fararen hula sama da 46,000, kuma kuɗin da aka kashe ya kai kimanin dala tiriliyan 2.3. Ghani da bakinsa ya faɗa a Davos a Janairun 2019 cewa jami'an tsaronsa sama da 45,000 aka kashe tun hawansa mulki a 2014. Idan aka raba wannan adadi, kusan mutum talatin ke nan a kowace rana, akasarinsu 'ya'yan talakawa da suka shiga soja don albashi. Duk wanda ya ce a ci gaba da yaƙin saboda ba ya cin ran Amurkawa, to yana cewa ne a ci gaba da wannan jana'iza a ƙauyukan Helmand da Kunduz, don a kiyaye abin da aka samu a birane. Wannan zaɓi ne da mutum zai iya karewa, amma ya kamata ya faɗe shi da sunansa.

Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne. A Disambar 2019 jaridar Washington Post ta wallafa hirarrakin da ofishin babban mai binciken ayyukan sake gina Afganistan ya yi da jami'an Amurka, inda aka ga mutanen da ke shelanta ci gaba a bainar jama'a suna amincewa a ɓoye cewa ba su san inda aka dosa ba. Rundunar Afganistan da Biden ya ce tana da mutum 300,000 cike take da sojojin bogi da kwamandoji ke karɓar albashinsu, jiragenta kuma 'yan kwangilar waje ne ke gyara su. Kayan aro ba ya rufe katara. Gwamnatin Najibullah da Tarayyar Sobiyat ta bari a Fabrairun 1989 ta jure har Afrilun 1992, sai da tallafin Mosko ya yanke sannan ta faɗi, amma wadda Amurka ta gina ba ta jira jirgi na ƙarshe ya tashi ba. Zaranj, babban birnin lardin Nimroz, ta faɗi ranar 6 ga Agustan 2021, Kabul ranar 15.

Inda na sallama wa Kawu shi ne yadda aka fita. An bar sansanin Bagram cikin dare a farkon Yuli, aka dogara da filin jirgi ɗaya a cikin birni, aka bar takardun bizar tafintoci suna jiran sa hannu, sai da gari ya rikice aka fara kwasar jama'a, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. An kwashe mutum sama da 120,000 cikin mako biyu, amma ranar 26 ga Agusta ɗan ƙunar baƙin waken ƙungiyar IS ya kashe sojojin Amurka 13 da 'yan Afganistan kimanin 170 a ƙofar filin jirgin, bayan kwana uku kuma jirgi marar matuƙi na Amurka ya kashe fararen hula goma a wani gida a Kabul, bakwai daga cikinsu yara.

Da na kai wa Kawu waɗannan alƙaluma a sallar layya da ta wuce, ya saurara har na gama, sannan ya ce su ma a Monrobiya sun san ba za su dawwama ba, kuma mutanen gari sun fi su sanin haka, shi ya sa kowa ke gaisawa da su da rana ya gaisa da 'yan tawaye da dare. Na ce masa ai wannan hujjata ce ya ba ni. Ya ce a'a, shi abin da yake nufi shi ne wanda ya san zai tafi bai kamata ya sa 'yar mutane ta yarda cewa makarantarta za ta ɗore ba. Ban sami amsar da zan ba shi ba kafin a kira magariba, muka tashi alwala.