Daga Sloane Square zuwa Manchesta: Inda Ake Renon Sabon Wasan Kwaikwayo a Ingila

Daga filin jirgin sama na Heathrow, hanya mafi arha zuwa gidan wasan kwaikwayo na Royal Court da ke Landan ita ce jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na hau layin Piccadilly zuwa Barons Court, na tsallaka ɗaya gefen dakalin na shiga layin District, na sauka a Sloane Square. Ƙofar tashar da ta gidan wasan maƙwabtan juna ne, har in zaure ya yi tsit akan ji gurnanin jirgi yana wucewa. Abin da ya kai ni shi ne in ga hanyar da rubutun wasan kwaikwayo ke bi tun daga hannun marubuci har ya hau dandamali, da kuma inda yake maƙalewa.

Ginin na 1888 ne, amma sunan da ya yi ya samo asali ne daga 1956, lokacin da George Devine da abokan aikinsa suka karɓe shi da niyyar mai da marubuci uban gida. Suka yi cigiyar sababbin wasanni a jarida, ɗaruruwa suka shigo, a ciki aka tsinci Look Back in Anger na John Osborne, aka buɗe shi ranar 8 ga Mayu, 1956. A nan Wole Soyinka ya yi aikin karanta rubuce-rubucen da ake aikowa bayan ya bar Jami'ar Leeds, a nan kuma aka nuna wasansa The Invention a 1959. Yadda aka nuna shi ya fi ɗaukar hankalina. A wancan zamani gidan na da wasan daren Lahadi: a yi rihaza sosai, 'yan wasa su haddace, a nuna sau ɗaya tak ba kayan ado a dandamali. Kuɗi kaɗan ake kashewa, amma marubuci ya ga wasansa a tsaye gaban 'yan kallo.

Zaure biyu ne a gidan yau. Na ƙasa yana ɗaukar mutum kusan 380, na sama, wanda aka buɗe a 1969, bai kai 100 ba, kuma a can ake fara gwada yawancin sababbin hannu. Na kalli wasa a na saman. Matakalar da tsawo, ɗakin kuwa ba inda ɗan wasa zai ɓuya, kana jin numfashinsa. Tikitin Litinin ya fi rahusa, sai dai da wuri yake ƙarewa. Wata al'adarsu da ta burge ni ita ce maimakon 'yar takardar sunayen 'yan wasa, littafin wasan sukutum ake sayar maka a farashi mai sauƙi. Tunda an kai shi maɗaba'a tun ana tsakiyar rihaza, in ka bi shi layi-layi za ka ga inda aka yanke da inda aka ƙara a makon ƙarshe. Ga mai koyon rubutu, wannan bambancin darasi ne babba.

Tafiyar rubutu a irin waɗannan gidaje kusan iri ɗaya ce. Ya fara faɗawa hannun mai karatu, wanda galibi shi ma marubuci ne ko ƙaramin darakta, ya rubuta rahoton shafi ɗaya ko biyu: me ya faru a wasan, ina ƙarfinsa, a wuce da shi gaba ko a mayar. Wanda ya tsallake sai mutum na biyu ya karanta, daga nan zuwa taron tantancewa. Yawanci shafi goma na farko ke kayar da rubutu, laifin kuma sananne ne: mutum biyu suna zaune suna ba juna labarin abin da su biyun suka riga suka sani, don kawai ɗan kallo ya ji. Sai yawan jama'a. Kowane ɗan wasa albashi ne na mako-mako tun daga rihaza, saboda haka wasan mutum goma sha biyu daga marubucin da ba a sani ba da wuya ya sami shiga, na mutum uku ko huɗu ya fi sa'a. Tsawo kuma ana ƙiyasta shi da kusan minti ɗaya a kowane shafi, wato wasan awa ɗaya da rabi bai kamata ya zarce shafi 90 da yawa ba.

Ba kasafai ake ɗaukar rubutun da aka aiko a nuna shi yadda yake ba. An fi kiran mai shi a sha shayi, a sa shi cikin rukunin marubuta da ke haɗuwa mako-mako, ko a ba shi kwangilar sabon wasa. Daga nan yake haɗuwa da mai taimaka wa marubuci gyaran rubutu, wadda zan kira ungozomar wasa: ba ita ta ɗauki cikin ba, ba kuma ita za ta raɗa suna ba, aikinta ta taimaka a sauka lafiya. Tambaya take yi. Me wannan matar take nema a fitowa ta uku? Me ya hana ta fita daga ɗakin? In ta fara cewa “da ni ce da na kashe mijin”, ta bar aikinta ta shiga na marubuci.

Mataki na gaba na gan shi a wani ƙaramin ɗakin wasa a kudancin Landan, a saman bene, ƙasansa mashaya. Da yawa daga ƙananan gidajen wasan birnin haka suke, sai ka ratsa masu kwalba kafin ka kai matakala. Karatun gwaji ake yi. 'Yan wasa biyar a jere, kowa da rubutunsa a kan maɗori, mutum na shida a gefe yana karanta bayanin motsi. Sun haɗu da safe, sun bi rubutun sau biyu, da yamma suka karanta wa mutum kamar talatin. Marubuciyar na can kujerar baya da biro, tana sa alama duk inda aka yi tari ko aka gyara zama, don ta haka ake gane inda hankalin mutane ya tafi.

Karatu irin wannan yana da amfani, amma yana yin ƙarya ta hanya biyu. Gogaggen ɗan wasa yakan rufa wa raunin rubutu asiri. Ya ɗauki layin da ba komai a cikinsa ya ba shi rai da murya, marubuci ya koma gida yana zaton fitowar ta yi. Sannan karatu na fifita wasan surutu. Fitowar da aka gina a kan shiru, ko a kan mutum yana ninke kayan mamaci har minti biyu, a karatu layi ɗaya ce da mai bayani zai faɗa cikin daƙiƙa biyar. Sai a ce wa marubuci wurin ba nauyi, ya je ya cusa magana, ya ɓata abin da ya fi kyau a wasan.

Bayan karatun aka buɗe fili, kuma tsarin da suka bi ya cancanci a kwaikwaya. Na Liz Lerman ne, wata mai tsara rawa 'yar Amurka. Da farko kowa ya faɗi abin da ya tsaya masa a rai. Sai marubuciya ta yi wa jama'a nata tambayoyin. Sai su yi mata nasu, amma ba a yarda a ɓoye hukunci cikin tambaya ba: ba a cewa “me ya sa ƙarshen ya yi sanyi”, sai dai “me kike so mu fita da shi”. A ƙarshe mai ra'ayi ya nemi izini, in ta ce ba ta so, ya riƙe abinsa. Dalilin wannan takatsantsan shi ne mutum talatin za su ba da shawara talatin, sabon marubuci kuma yakan so ya faranta wa kowa, rubutu na biyar ya fito sumul ba aibi, ba kuma ɗanɗano.

A titin The Cut, kusa da gidan wasan Old Vic, akwai ɗakin gwaji na National Theatre, babban gidan wasan ƙasar, da darakta Peter Gill ya kafa a 1984. Daga waje kawai na gan shi, don ba a sayar da tikiti a can, kuma da gangan ne. Ana ba marubuci da darakta da 'yan wasa ɗaki na mako ɗaya ko biyu su tashi tsaye su gwada abin da takarda ba ta nunawa, ba ɗan jarida ba ɗan kallo. A nan aka yi gwajin mutum-mutumin dawakan wasan War Horse, waɗanda kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu ya ƙera, kafin a buɗe wasan a 2007. Shekara goma bayan haka National ɗin ya nuna Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, wanda ya zaga shagunan aski a Legas, Akara, Kampala, Harare da Johannesburg yana sauraron hira kafin ya rubuta.

Matsalar da na ji tana maimaituwa a bakin marubuta ita ce wasa ya yi ta yawo daga karatu zuwa gwaji, daga gwaji zuwa wani karatun, shekaru suna tafiya ba a sa masa rana ba. Lissafin a fili yake. Karatu kuɗin yini ɗaya ne, cikakken nuni kuwa rihazar mako huɗu ne, da kwanakin daidaita fitilu da sauti, da 'yan dararen gwaji gaban masu tikiti kafin daren 'yan jarida. Gidan wasa zai iya yin karatu ashirin da kuɗin da bai kai na nuni ɗaya ba, ya rubuta a rahoto cewa ya tallafa wa marubuta ashirin. A ganina daren Lahadin Devine ya fi wannan gaskiya. Gyaran da marubuci ke yi a dararen gwaji, bayan ya ji ɗaki cike ya ƙi dariya inda ya sa ran za a yi, babu ungozomar da za ta koya masa shi.

Ta fuskar haƙƙi sun yi nisa. Yarjejeniyar da ƙungiyar marubutan Birtaniya ta ƙulla da gidajen wasa ta hana a sauya kalma ba da yardar marubuci ba, ta ba shi damar zama a rihaza, da ta-cewa wajen zaɓen darakta da 'yan wasa. Kuɗin kwangila kashi-kashi ake biya: kafin alƙalami ranar sa hannu, wani in ya miƙa rubutun farko, ragowar in gidan ya amince zai nuna. Kason tikiti galibi 8 cikin 100 ne. Ɗauki ɗaki mai kujera 85, a ce tikiti fam 20, a yi nuni 30 kullum a cike: fam 51,000 ke nan, kason marubuci 4,080, a kan aikin da ƙila ya ci shekara biyu. Shi ya sa talabijin ke kwashe su da zarar sun yi suna.

Na leƙa Bush Theatre a Shepherd's Bush, wanda ya fara a saman mashaya a 1972, ya koma tsohon ɗakin karatu a titin Uxbridge a 2011. Mai neman abincin halal ya ci a wannan titin kafin ya wuce. Daga nan sai tashar Euston, jirgin ƙasa zuwa Manchesta, awa biyu da 'yan mintuna. Tikitin da aka saya tun da wuri ya fi na ranar tafiya sauƙi nesa ba kusa ba.

Gidan wasan Royal Exchange na Manchesta tsohuwar kasuwar auduga ce, allon farashin ranar ƙarshe a 1968 yana nan a sama. A wannan birni aka kafa BCGA, kamfanin bunƙasa noman auduga na Birtaniya, a 1902, mai injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa. A tsakiyar makeken zauren aka rataye ɗakin wasa na ƙarfe da gilashi a jikin ginshiƙai huɗu, aka buɗe shi a 1976. Yana ɗaukar mutum sama da 700, sun kewaye dandamali ta ko'ina. Wannan na shafar rubutu kai tsaye: ba bango, ba labule, ba inda za a jingina kabad, kuma mutum biyu ba za su daɗe a zaune ba, don rabin 'yan kallo ƙeyar ɗaya suke gani.

A nan ake gudanar da gasar rubutun wasan kwaikwayo ta Bruntwood tun 2005. Rubutun da ke shigowa ya haura 2,000 a wasu zagayen, babbar kyautar 2022 kuma fam 16,000 ce, tare da aikin gyara da gidan wasan da nufin kaiwa dandamali. Da sunan aro ake shiga, alƙalai ba su san ko tsohon hannu ne ko direban bas ba, kuma dole wasan ya zama ba a taɓa nuna shi a matsayin sana'a ba. Mai son gwadawa ya goge sunansa daga bangon rubutun, da saman kowane shafi, da sunan fayil ɗin kansa, inda aka fi mantawa. Sai dai babbar gasar ta mazauna Birtaniya da Ayalan ce. Rukunin ƙasashen waje da aka ƙara a 2019 ta hannun wasu gidajen wasa na Amurka, Kanada da Ostireliya ake shigarsa, marubucin da ke zaune a Kano ko Zinder ba shi da ƙofa a ciki.