Saƙon Godiya Bayan Jinyar Maiɗakina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. A madadin iyalaina da surukaina, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana a jinyar maiɗakina, wadda Allah ya jarrabta da cutar lufus. Alhamdu lillahi, an sallame ta, tana gida tana samun sauƙi.

Da yake masu dubiya sun yi ta tambayar ko wace irin cuta ce, ga abin da likitoci suka fahimtar da mu. Garkuwar jiki ce take juyowa ta yaƙi jikin da ya kamata ta kare, ta taɓa fata da gaɓoɓi da ƙoda, wani lokaci har ƙwaƙwalwa. Cikin kowane mutum 10 masu ita kusan 9 mata ne, galibi a shekarun haihuwa, kuma ba a ɗaukarta daga wani.

Ciwon gaɓoɓi da tabon da ya fito mata a kumatu ya haye karan hanci ba su tayar mana da hankali kamar mantuwa ba. Malamar da ta san ɗalibanta har da sunayen iyayensu ta koma tana tsayawa a tsakiyar magana tana laluben kalma, tana zuba gishiri sau biyu a miya ɗaya. Wasu masoya suka ce iska ce, wasu suka ce sammu, kuma na san ƙauna ce ta sa suka faɗa.

Babbar godiyata ga likitocin asibitin koyarwa na Shika ne, musamman likitan gaɓoɓi da na ƙwaƙwalwa, waɗanda suka zaunar da mu suka nuna mana hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwarta da na'ura ta ɗauka. Mun ga wasu fararen ɗigo a sashen da jijiyoyin sadarwa na ƙwaƙwalwa suke ratsawa, suka ce irin waɗannan tabo suna biyo bayan kumburi da lalacewar ƙananan hanyoyin jini, kuma wasu masu lufus suna da ƙwayoyin garkuwa da ke sa jini daskarewa, abin da kan kai ga shanyewar ɓarin jiki. A wasu kuma, ɓangaren da ke riƙe sabon abin da aka koya ne yake ƙanƙancewa. Tun 1999 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta lissafa nau'i 19 na yadda lufus ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, kuma raunin tunani yana cikin waɗanda aka fi gani. Likitocinmu sun ƙara ja mana kunne cewa hoton wani majinyacin yakan fito lafiya lau alhali mantuwarsa gaskiya ce. A ganina wannan bayani ya yi mata amfani kusan kamar magani, domin daga ranar ta daina zargin kanta da sakaci.

Ina gode wa surukata, Hajiya, wadda take zama kusa da ita a kowace salla tana riƙe mata lissafin raka'o'i. Ina gode wa maƙwabciyarmu a Unguwar Rimi da ta rubuta lokutan shan magani a kwali ta manna a jikin firji, da malamai abokan aikinta da suka raba ajinta a tsakaninsu ba tare da kowa ya yi ƙorafi ba. Jama'ar masallacin unguwa da suka haɗa kuɗin hoto da gwaje-gwajen jini, Allah ya mayar muku da ninkinsa.

Jinya ba ta ƙare ba, domin lufus takan lafa ta kuma taso. Za ta ci gaba da shan magani, ta guji zafin rana, kuma za a riƙa duba idonta a cibiyar ido ta ƙasa da ke nan Kaduna, saboda ɗaya daga cikin magungunan yana iya shafar gani idan an daɗe a kansa. Muna roƙon masu zuwa dubiya su zo bayan la'asar, kuma mai mura ko tari ya yi haƙuri ya kira a waya, domin magungunan suna rage mata garkuwa. Idan ta tambaye ku abu ɗaya sau biyu, ku amsa mata sau biyu. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.

Daga maigidanta, Kaduna.