Hatimin da ke kan tokin

Wata ƙungiyar 'yan adashi da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina ta ba ni aikin haɗa mata manhajar da mambobi za su riƙa duba zubinsu a waya. Sashen shiga na gina shi da JWT, tsarin da aka daidaita ƙa'idarsa a 2015. Mutum zai sa lambarsa da kalmar sirri sau ɗaya, sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke magana da ita, ta ba shi tokin, wato 'yar shaidar shiga, daga nan duk abin da wayarsa ta nema sai ta haɗa da tokin ɗin.

Tokin na JWT kashi uku ne, ɗigo ke raba su: na farko ya faɗi irin sa hannun da aka yi, na biyu bayanin mai shi, na uku sa hannun kansa. Yaron da nake koya wa aiki ya ga haruffan a hargitse ya ɗauka a ɓoye suke, ya ce, "Yaya, mu sa jimlar zubin kowa a ciki mana, mu huta da tambayar rumbun bayanai." Na warware masa ɗaya a gabansa, ya karanta komai tsaf. Base64URL ne kawai, wato wata hanyar sauya fasalin rubutu ba tare da ɓoye shi ba, kowa na iya kwance shi. Kamar takardar shaidar ƙaramar hukuma ce: duk wanda ya riƙe ta zai karanta, hatimin ne ke hana a sauya suna. Kuɗin mutane amana ne, don haka lambar mamba da matsayinsa da lokacin ƙarewa kaɗai muka sa.

Da HS256 na sa hannu, wato hanyar da mabuɗin sirri ɗaya ke sa hannun kuma ya tantance shi, tunda sabar ɗaya ce ke bayarwa kuma ke tantancewa. Ƙa'ida ta ce mabuɗin kada ya gaza bit 256, sai na sa manhajar tsaro ta OpenSSL ta fitar da bayit 32 barkatai, daidai da bit 256 ke nan. Kalmar da mutum ya ƙirƙira da kansa, kwamfuta na iya cankar ta. Mabuɗin gwaji daban, na aiki daban, kuma babu wanda ya shiga Git, inda muke adana rubutun manhajar.

Inda na fi daɗewa shi ne gwaji, domin tokin mai kyau ya wuce bai nuna komai ba. Sai na zauna ina ƙera na bogi. Na mayar da "mamba" ya zama "ma'aji" na bar tsohon sa hannu. Na yi wanda wa'adinsa ya wuce. Na yi wanda kashinsa na farko ya ce "none", wato babu sa hannu sam, ramin da ya taɓa kama manhajojin tantance tokin da dama, shi ya sa na ƙayyade wa sabar HS256 kaɗai za ta karɓa. Kowanne dole ya dawo da 401, lambar da sabar ke bayarwa idan ta ƙi shaidar mutum. Na kuma duba exp, wato lokacin ƙarewar tokin, da idona, saboda da daƙiƙa ake ƙirga shi tun daga farkon 1970, alhali yaren shirya manhaja na JavaScript na ƙirga lokaci da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Wanda bai raba da 1000 ba ya ba da tokin na dubban shekaru.

Ma'ajin ƙungiyar ya tambaye ni, "Malam, idan aka sace wayata fa?" Tokin da ya fita ba ya kiranyuwa sai wa'adinsa ya cika. Na sa masa minti 15, na ajiye tokin sabuntawa, wanda da shi waya ke karɓo sabo, a rumbun bayanai, inda za a goge shi da zarar an kawo rahoto.