Dalar Rabbi Schneerson da tambayar "wa ya ba ka?"

Tun daga 1986, Rabbi Menachem Mendel Schneerson, jagoran ƙungiyar Chabad ta Yahudawa, yakan tsaya kowace Lahadi a gida mai lamba 770, titin Eastern Parkway a Brooklyn, mutane na bin layi yana miƙa wa kowa dala ɗaya don ya yi sadaka. Da yawa ba sa rabuwa da ita. Sai su ba da wata a madadinta, wannan kuma su ajiye don neman albarka, wasu har da rubuta ranar a gefe. Ya rasu a 1994, kuma yau ana cinikin irin waɗannan daloli a gidajen gwanjo da kuɗin da ya ninka dala ɗaya nesa ba kusa ba.

Da wannan misali na fahimci aikinmu a karatun adana kayan tarihi. Dala dai dala ce, babu hatimin rabbi a jikinta. Abin da ido zai iya yi kaɗan ne. Akwai shekarar zubi da ake bugawa a kowace takarda, kuma rabon ya tsaya a watan Maris na 1992 da ciwon shanyewar jiki ya kama shi, don haka duk wadda ke ɗauke da 1993 ba daga hannunsa ta fito ba. To wadda ke ɗauke da 1988 fa? Irinta ba sa ƙirguwa. Abin da ya rage shi ne wa ya karɓa, yaushe, hannun wa ta bi. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san wannan aiki na bin isnadi.

Rubutun hannu ya fi sauƙi, domin yana ba da shaida da kansa. A ɗakin ajiyar tsofaffin takardu na wurin ibadar Yahudawa na Ben Ezra a Fustat, tsohuwar Alƙahira, wani masani mai suna Solomon Schechter ya kwashi tarin guntaye a 1896 zuwa 1897, kuma kusan 193,000 ke jami'ar Cambridge yanzu. A cikinsu akwai zubin farko na rubuce-rubucen Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa da ya rasu a 1204, wasu da Larabci amma cikin haruffan Ibrananci, har da wuraren da ya soke ya gyara. Masana na gane hannunsa ta hanyar kwatantawa. Ni wannan sokewar ta fi burge ni, don a nan kake ganin malami yana canza shawara.

Sai batun mallaka. Wani jikan jagoran da ya gabaci Schneerson ya kwashi littattafai daga ɗakin karatu na Chabad yana sayarwa, yana cewa gadonsa ne. A Janairun 1987 kotun tarayya a New York ta yanke cewa na jama'ar ƙungiyar ne. Shi ya sa yanzu duk wanda ya kawo mini wani abu na wani malami, kafin na duba kayan sai na rubuta daga bakinsa yadda ya same shi, na kuma tambaya ko sauran magada sun san ya fito da shi.