Ranar da Na Nemi Likitan Kwaɗo Na Rasa

Idan aka tambaye ni sana'ata na ce kwaɗi nake kiwo ina sayarwa, yawanci sai an sake tambayata, don mai tambayar yana zaton kunnensa ne bai ji daidai ba. Mu uku ne a wurin: ni, da ƙanena mai yankan gilashi yana haɗa akwatunan da kwaɗin ke zama a ciki, da wata yarinya da ke kula da ɗakin gyare, wanda da shi muke ciyar da su. Iri biyu muka fi riƙewa. Akwai koren kwaɗon bishiya ɗan asalin Ostareliya, mai sanyin hali, wanda in ya sami kulawa yakan haura shekara 15 a hannun mutum. Akwai kuma mai ƙaho na Kudancin Amurka, wanda kusan rabin jikinsa baki ne, yakan binne kansa a ƙasa ya bar idanu a waje yana jiran abin da zai gitta. Duk wanda ya fita daga hannunmu a wurinmu aka ƙyanƙyashe shi. Ba ma sayen na kamun daji.

Shekarun farko na ɗauka aikina ya ƙare da zarar mai saye ya rungumi akwatinsa ya fita. Wata mace daga cikin koren kwaɗin ce ta nuna mini ba haka ba ne.

Da safe na shiga na tarar da ita kwance a ƙasan akwati, alhali al'adarta ta wuni manne a jikin gilashi can sama, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki. Launinta ya dushe, ya koma kamar na ganyen da ya kwana a ruwa. Na jiƙa safar hannu na ɗaga ta, sai na ga ƙasan cikinta da cinyoyinta sun yi ja, jan da ke ƙarƙashin fata kamar jini ya kwanta. Na kwantar da ita rigingine a tafina. Lafiyayyen kwaɗo ba ya yarda da haka ko na ƙiftawar ido, nan take zai wuntsila ya tsaya kan ƙafafunsa. Ita kuwa sai ta kwanta tana motsa maƙogwaro a hankali. Gabana ya faɗi.

Na ɗauki waya na fara kiran asibitocin dabbobi ɗaya bayan ɗaya. Na farko suka ce karnuka da kyanwoyi kaɗai suke gani. Na biyu matar da ta ɗauka ta sa na maimaita sunan dabbar sau biyu, sannan ta ba ni haƙuri. Na uku likitan da kansa ya yi magana da ni, ya ce in kawo ta ya duba, amma ya gaya mini gaskiya cewa tun da ya bar makaranta bai taɓa riƙe kwaɗo ba. Yini ya tafi a haka. Sai da yamma wani ma'aikacin gidan namun daji ya haɗa ni da wata likita da ke duba musu macizai da kunkuru da kwaɗi, ita kuma ba ta da sarari sai washegari, ga tafiyar da nisa.

Abin da ya ba ni mamaki, da na ajiye robar da na sako kwaɗon a ciki a kan teburinta ba ta yi gaggawar buɗewa ba. Takarda ta jawo.

"Malam, wane ruwa kake ba su?"

Na ce na famfo, amma ina barinsa ya kwana a buɗe kafin in zuba.

"Su nawa ne a akwatin? Zafin wurin nawa ne da rana, nawa da dare? Yaushe ka shigo da sabon kwaɗo na ƙarshe?"

Na ce, "Likita, ita fa ba ta da lafiya, ko za ki fara duba ta?"

Ta ce duba ta take yi. A wurinta na fara fahimtar cewa ciwon kwaɗo a gidansa ake fara nemansa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fatar ƙasan cikinsa yake zuƙa, kuma ta fata yake samun wani kaso na numfashinsa. Duk abin da ke cikin ruwan nan yana shiga jikinsa kai tsaye. Kulorin, sinadarin da ake tsabtace ruwan famfo da shi, yakan tashi in ruwa ya kwana a buɗe, amma wasu hukumomin ruwa danginsa kuloramin suke zubawa, shi kuwa ko ya kwana uku yana nan, sai an sa maganin da ke kashe shi. Ni ban san wannan ba. Ga shi kuma na tara kwaɗi biyar a akwatin da ya dace da uku, fitsarinsu da kashinsu suna tara amoniya, sinadari mai guba, a kwanon ruwa. Wannan jan na ciki da cinyoyi, wanda ake kira jan ƙafa, in ji ta, alama ce ta ƙwayoyin cuta sun shiga jini, kuma irinsu Aeromonas dama suna nan a ruwa kullum ba sa yin komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sannan ta buɗe robar. Ta ɗora kwaɗon a kan ɗan sikeli mai auna giram, ta kashe fitilar ɗakin ta haska wata ƙaramar tocila ta jikin cikinta, har ana iya ganin bugun zuciya da inuwar hanta. Ta shafa ɗan tsinke mai auduga a fatar ciki da cinyoyi da tsakanin yatsu don gwaji. Ta auna magani daidai nauyinta, ɗan ɗigon da ba za ka ce zai yi wani abu ba. Ba ta ɓoye mini ba cewa mun makara. Macen nan ta mutu a daren. Likita ta riga ta ce in hakan ta faru in sa gawar a firji, kada in sa ta a wurin ƙanƙara, don daskarewa na lalata naman da za a duba, kuma in kawo da wuri saboda jikin kwaɗo ba ya jimawa yake ruɓewa. Abin da ta gani a gawar shi ya ceci sauran huɗun, waɗanda biyu daga cikinsu jan ya riga ya fara fito musu.

Ban riƙe asibitocin da suka mayar da ni a zuciya ba. Karatun likitan dabbobi ya fi karkata ga shanu da tumaki da kaji da karnuka da kyanwoyi, su ne kuma ke cika masa layi kullum. Kwaɗi kuwa sun haura nau'i 7,000 a duniya, kuma abin da ya dace da na bishiya ba lallai ya dace da wanda ke rayuwa cikin ruwa ba. Aikin ma daban yake. Magani da yawa a ruwa ake narkawa a tsoma kwaɗon ya zuƙa ta fata. In za a yi masa tiyata, galibi a ruwan wani sinadari da ake kira MS-222 ake sa shi ya yi barci, kuma sai an gyara tsamin ruwan tukuna don kada ya ƙone masa fata. Likitan da ya ce da ni bai sani ba, har gobe ina ganin girmansa. Wanda nake tsoro shi ne wanda zai ɗauko maganin kare ya rage da ka ya ɗura wa dabbar da ba ta kai nauyin ƙwan kaza biyu ba.

Tun daga nan na sauya tsarin ciniki. Ba na miƙa wa kowa kwaɗo sai ya nuna mini sunan likitan da zai kai shi da lambar wayarsa, kuma ya riga ya kira ya tabbatar ana ganin kwaɗi a can. Wasu sun ji haushi sun tafi wani wuri, ƙanena ma ya sha cewa, "Yaya, muna korar masu saye da kanmu." Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Kwaɗo dabba ce da komai ke farauta, don haka yana ɓoye ciwonsa har sai ya kasa. Ranar da mai shi ya lura, sau da yawa kwana ɗaya ko biyu suka rage. Waɗannan kwanakin bai kamata su ƙare a kan waya ba kamar yadda nawa suka ƙare.

Neman ba shi da wuya in an fara da wuri. Akwai ƙungiyar likitocin dabbobi masu rarrafe da kwaɗi da ake kira ARAV, tana da jerin mambobinta a intanet, ana iya duba wanda ya fi kusa. In babu, sai a tuntuɓi tsangayar koyar da likitancin dabbobi ta jami'a, ko gidan namun daji, don dole akwai mai duba musu nasu. Likitan karnuka ma yakan san abokin karatunsa da ya bi wannan layin. In duk ba a dace ba, ina ba da shawarar a nemi likita na kusa wanda zai yarda ya tuntuɓi ƙwararre daga nesa, su haɗa hannu: wannan yana da ido da kayan aiki, wancan yana da sani. Kuma a yi tambaya ba kunya. Kwaɗi nawa yake gani a shekara? Zai iya duba kashi a madubin likita? Yana da inda yake tura gwaji? Wa ke karɓa in ciwo ya tashi da dare?

Kowane mai saye ina ba shi 'yar takarda kan yadda ake tafiya asibiti. Roba mai murfi da aka huda daga ciki zuwa waje, don kada kaifin hujin ya yanki fata. A shimfiɗa takardar goge hannu marar turare, a jiƙa ta da ruwan da aka cire wa kulorin. Kada a bar robar a rana ko a rufaffiyar mota, zafi na kashe kwaɗo kafin ciwon ya kashe shi. A tafi da ruwan kwanonsa a kwalba daban, da sabon kashinsa in an samu, da hoton akwatin gaba ɗaya, da gwangwanin garin sinadaran da ake barbaɗa wa gyare. Kuma kafin a isa, kada a yi masa maganin gida. Aidin, sabulu, man shafawa mai kashe zafi, maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, duk suna iya zama ajalinsa. A ware shi shi kaɗai a wuri mai tsabta da laima, a rage taɓa shi, a wanke hannu bayan an gama, don kwaɗi kan ɗauki salmonela, ƙwayar cutar da ke iya kama mutum.

Yawancin abin da ake kira na a kai ba annoba ba ce, kuskuren kiwo ne da ya daɗe yana taruwa. Gyare ba shi da isasshen kalsiyam, in ba a ciyar da shi da kyau an barbaɗa masa gari mai kalsiyam da bitamin D3 ba, ƙashin kwaɗo yakan yi laushi, muƙamuƙi ya saki, ƙafafu su lanƙwashe. Ƙarancin bitamin A kan sa harshe ya daina kama abinci, ka ga kwaɗo yana ta kai hari yana kuskurewa. Mai ƙaho kuma yakan haɗiye tsakuwa tare da abin da ya cafka, hanji ya toshe, shi ya sa ba ma zuba tsakuwa a akwatinsa sam. Kumburin jiki shi ne wanda na fi hana mutane taɓawa da kansu, don yana iya fitowa daga ƙoda ko zuciya ko ƙwayar cuta, kuma daga waje duk kama ɗaya suke.

Akwai dai guda ɗaya da ke hana duk mai wannan sana'a barci, wato kaitirid, wata ƙwayar cuta dangin funfuna da ke cin fatar kwaɗo. Fatar takan yi kauri, ta riƙa saɓa fiye da kima, gishirin jini ya rikice har zuciya ta tsaya. A 1998 aka gano ita ce ke kashe kwaɗi a dazukan Ostareliya da Amurka ta Tsakiya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 ya danganta ta da raguwar nau'i 501 na kwaɗi da danginsu, 90 daga ciki ana jin sun ƙare ƙurmus. Cinikin kwaɗi tsakanin ƙasashe na cikin abin da ya yaɗa ta, don haka mu masu sana'ar muna da hannu, muna kuma da nauyi a wuyanmu. Ana iya gano ta da gwajin shafa fata, kuma a hannun likita tana jin magani. Duk sabon kwaɗon da ya shigo wurinmu sai ya yi wata biyu a killace a ɗaki daban, da kwanonsa daban da safar hannunsa daban, ba ya fitowa sai sakamakon gwaji ya dawo. Ina kuma roƙon kowane mai saye: kome ya faru kada ya saki kwaɗonsa a waje, kada ya zubar da ruwan akwati inda kwaɗin daji ke bi. In ya gaji da shi ya dawo mini da shi, zan karɓa.

Kwanakin baya wani yaro da mahaifinsa ya saya masa mai ƙaho ya kira ni da magariba, muryarsa na rawa.

"Baba, kwana shida bai ci komai ba, kuma gefen cikinsa ya yi tauri."

Na ce, "Ɗana, buɗe littafin da na ba ka. Nawa ya auna makon jiya, nawa yau?"

Ya karanto mini. Ya karanto zafin akwatin ma, da ranar da ya yi kashi na ƙarshe, duk ya rubuta da hannunsa. Na tambaye shi ko ya sauya wani abu, ya ce ya ƙara 'yan duwatsun ado a gefen kwano. Na ce ya kwashe su yanzu, ya juya bangon littafin na baya inda muka rubuta lambar likita ranar da suka zo saye. Da safe mahaifin ya kai su. Hoton ƙashi ya nuna tsakuwa biyu a hanji, likita ya ba da abin da zai sassauta cikin ya ce a jira, a rana ta uku suka fito. Yaron ya wanke su ya zuba a 'yar kwalba, ya kawo mini har wurin aiki in gani.