Godiya bayan aikin gwiwar Hajiya

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, jiya Juma'a Hajiyarmu ta taka da ƙafarta har gidan ƙanwarta a Gwammaja, sanda ɗaya kawai a hannunta, wata uku cif da yi mata aikin canjin gwiwa a Asibitin Ƙashi na Dala. Amosanin gaɓɓai ya daɗe yana cin gwiwarta ta dama, har ta kai ko tsakar gida sai an riƙe ta.

Likitocin da suka yi aikin da ma'aikatan jinya, Allah ya saka muku da alheri. Amma kaso mafi tsoka na godiyar nan na masu gashin ƙashi ne. Mu a zatonmu daga tiyata sai doguwar kwanciya. Washegari sai ga su da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, suka ce ta miƙe ta taka. Raina ya ɓaci, na ce ko ɗinkin bai kame ba. Suka zaunar da ni suka yi min bayani: kwanciyar ce ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, gwiwar kuma ta sandare.

Sai baiwar Allahn nan mai gashin ƙashi da ta riƙa zuwa mana gida sau uku a mako. Ranar farko ta zare matashin da muka cusa a ƙarƙashin gwiwar don tausayi, ta naɗe tawul ta sa a ƙasan diddige, ta ce sai haka ƙafar za ta miƙe. Tana da wani ma'auni kamar rula mai hannu biyu, na auna lanƙwasuwar gwiwa. Daga digiri 60 muka faro, ana neman 90. Hajiya tana hawaye takan ce, "Yarinya, karya ni za ki yi?" Ita kuma ta durƙusa, ta riƙe ƙafar da hannu biyu: "Hajiya ki yi haƙuri, saura uku, mu ƙirga tare." Ban taɓa ganin ta ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin ta rage ko ɗaya daga cikin lissafin ba. Ita ta koya mana hawa dakalin ƙofa: ƙafa mai lafiya ce gaba wajen hawa, wadda aka yi wa aiki ce gaba wajen sauka.

A mako na shida aka haɗa Hajiya da masu atisaye a rukuni. Iyayena mata na wannan rukuni, ku kuka yi abin da ya gagare mu. Hajiya ta daina fita ɗakinta in an yi baƙi, don kunyar a gan ta tana salla a kan kujera. Wata dattijuwa daga Fagge, wadda aka canza wa ƙashin ƙugu aka hana ta zaman tabarma da harɗe ƙafa, ita ta ja mata kujera kusa da tata lokacin azahar ta ce, "Zo nan 'yar uwa, Allah ya san da mu." Ranar Hajiya ta dawo tana ba mu labari har da dariya.

Maƙwabcinmu mai firiza da ya riƙa aiko ƙanƙara in ba wuta, kafintan da ya ɗaga mata gado ya kuma yi kujerar banɗaki, da mai adaidaitan da ke lallaɓawa a kowane rami, Hajiya ta ce in gaya muku kuna cikin addu'arta ta asuba. Dattijuwar Fagge har yanzu tana kan ƙarfen dogarawa, muna roƙon ku sa ta a addu'a, Allah ya ba ta lafiya.