Kwana huɗu a kan ƙiftawar kilinyotan

Salamu alaikum ƴan'uwa masu koyon gyaran motocin wasa. Mako uku ke nan ina fama da wani kar, wato babbar bas, da na sauke daga intanet, ina son mayar da shi irin waɗanda ke tashi daga nan Tawa su bi ta Konni da Doso zuwa Yamai. A cikin OMSI 2 nake aikin, wasan tuƙin bas ɗin Jamus da ya fito a 2013. Fenti ya ƙare, kujeru sun zauna. Abin da ya cinye mini kwana huɗu ƙarami ne: kilinyotan, wato sigina in ji ƴan Najeriya.

A tsohuwar kwamfutata, in na shiga cunkoson taswirar Spandau, wata unguwar Berlin da ke cikin wasan, fitilar sai ta riƙa ƙiftawa kamar mai gyangyaɗi. Na kai wa abokina fayil ɗin, ga shi da na'ura mai ƙarfi, a wurinsa kuwa sai ka ce ana korarta. Na ɗauki agogon salula na ƙirga: 45 a minti a wurina, 180 a wurinsa.

Hankalina ya fara zuwa ga motar gaske, don na taso ina riƙe wa kawuna tocila a garajinsa na wutar mota. Na kai masa zancen bayan la'asar. Ya ce, "Ɗana, in ka ga kilinyotan na sauri, duba ampul tukuna." Gaskiyarsa. Rele na zamani, wato ɗan abin da ke kunna fitilar yana kashe ta, yana auna wutar da ampul (ƙwan fitila) masu wat 21 ke ja, in ɗaya ya ƙone sai ya ninka gudu don direba ya farga. Shi ya sa masu sa fitilun LED, waɗanda ba sa jan wuta sosai, ke haɗuwa da wannan rawar kai. A ƙa'idar Turai kuma, ƙiftawa 60 zuwa 120 ake so a minti, tsakiyarta 90. Na ce, "Kawu, ai wannan kar ɗin ba shi da ampul ko ɗaya." Ya yi dariya har da tari, ya ce to a nemi mai ruƙiyya.

Amma 90 ɗin nan da muka ambata ita ta buɗe mini ido: 45 rabinta ce, 180 ninkinta. Na buɗe fayil ɗin fitilu, mai ƙarewa da .osc, na bi shi layi-layi. Ashe wanda ya rubuta shi hotuna yake ƙirgawa: duk hoto 10 da wasan ya zana, fitila ta kama ko ta mutu, zagaye ɗaya hoto 20 ke nan. A na'urar da ke zana hoto 30 a daƙiƙa, lissafin ya faɗa daidai kan 90, don haka shi bai taɓa ganin aibin ba. Tawa kwamfutar tana jan ciki da 15, ta abokina tana ba da 60. Ku yi rabawar da kanku.

Maganin yana cikin wasan tuntuni. Akwai wani adadi mai suna Timegap, wanda ke faɗin daƙiƙa nawa ta wuce tun hoton baya. Maimakon a ƙara 1 a kowane hoto, sai a tara shi, in tarin ya kai 0.33 a juya fitilar. Wanda bai saba ba ya lura, rubutun OMSI yana fara kawo lambobin biyu ne kafin alamar tarawa, ni ma na sha juya shi.

Wurare biyu na yi tuntuɓe. Hannuna da ya saba da rubutun Faransanci na lakkwal ya rubuta 0,33 da waƙafi, alhali aya ake so. Sannan na ƙirƙiri sabon ma'ajin lamba ban sa sunansa a varlist ba, wato jerin sunayen ma'ajin lambobi, sai logfile.txt, fayil ɗin da wasan ke rubuta kurakurai, ya tona mini asiri, bayan an ɗauke wuta sau biyu ina tsakiyar nema.

Akwai na uku, mai wuyar gani. Da tarin ya cika, na riƙa mayar da shi sifiri, ashe ina zubar da ɗan ragowar da ya haura. A na'ura mai sauri ba kome ba ne, a tawa kuwa ƙirgar takan zame ƙasa in titi ya cika. Yanzu 0.33 nake cirewa, ragowar ta shiga zagaye na gaba.

Jiya na sake ƙirgawa, 90 ko 91 a na'urorin biyu. Saura ƙarar rele, tak-tak ɗin nan, da har yanzu take kan tsohon lissafi, tana bugawa fitila na kashe. Kawu ya ce in zo da salula ranar Asabar, akwai tsohon kar mai batir na bolt 24 a garajin, mu ɗauki muryar relensa.